Yadda Ake Kafa Ajin Haɗaka a Firamare, Inda Yaro Ke Zaɓen Aikinsa da Kansa

Duk malamin da ya taɓa riƙe aji biyu na firamare ya san abin da zan faɗa. Yara ne cike da ɗaki, a rajista kusan duk shekarunsu bakwai, amma wannan yana karanta labari shi kaɗai har ya ba ka ma'anarsa, na kusa da shi kuwa har yanzu yana rikita "b" da "d". Ka tsaya gaban allo ka yi darasi guda. Na gaba ya ƙosa ya fara tsokana, na baya ya yi shiru yana kwafar abin da bai gane ba, 'yan tsakiya kaɗai suka tsira da wani abu. Mun raba yara bisa shekaru don su zo daidai, alhali ba su taɓa zuwa daidai ba.

Ajin haɗaka ya taso ne daga yarda da wannan gaskiyar. Ana tara 'yan aji ɗaya, biyu da uku a ɗaki guda, a hannun malami guda har shekara uku, a shirya musu ayyuka hawa-hawa, a bar kowane yaro ya zaɓi abin da zai yi da sa'ad da zai yi shi, cikin iyakar da aka shata masa. Ba sai an gina sabuwar makaranta ba. Ɗaki ɗaya a cikin firamaren da kake koyarwa ya isa, sauran azuzuwa suna tafiya yadda suka saba.

Kuma ba yau aka fara ba. Maria Montessori, likita 'yar Italiya, ta buɗe makarantarta ta farko ta ƙananan yara a unguwar San Lorenzo ta birnin Rum a watan Janairun 1907, kuma makarantun da ke bin tsarinta har gobe suna haɗa yara 'yan shekara 3 zuwa 6, 6 zuwa 9, da 9 zuwa 12. Peter Petersen ya yi irin wannan haɗin a makarantar gwaji ta jami'ar Jena a Jamus cikin shekarun 1920. A Kolombiya, tsarin Escuela Nueva ya taso a tsakiyar shekarun 1970 don makarantun karkara inda malami ɗaya ke riƙe da azuzuwa da yawa, ya mai da abin da ake gani nakasu ya zama hanyar koyarwa.

Sai dai kada ka shiga da zaton haɗa shekaru kaɗai zai ɗaga makin yara. A 1995 Simon Veenman ya tattara bincike 56 kan irin waɗannan azuzuwa, ya ga a ɗunƙule babu wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin sakamakonsu da na ajin shekara ɗaya. Riba tana zuwa ne daga tsarin da malami ya shimfiɗa a ƙarƙashin 'yancin yaron. In tsarin ya yi rauni, abin da za ka samu hayaniya ce, kuma yaron da ya fi buƙatar taimako shi zai fi cutuwa. Kusan duk abin da ke ƙasa bayanin wannan shimfiɗar ne.

Fara da ofishin shugaban makaranta

Kafin ka motsa benci ko ɗaya, ka zauna da shugaban makaranta ku rubuta yarjejeniya a takarda. Gefe ɗaya abin da ba zai canja ba: manhajar hukuma, rajistar halarta, lokacin zuwa da tashi, jarrabawar da ake yi wa kowa. Ɗaya gefen abin da kake nema: a cire ajinka daga jadawalin nan na minti talatin-talatin da safe, kada ƙararrawar canjin darasi ta shafe ku, kuma kada a ɗauke ka zuwa wani aji kafin shekara uku. Na ƙarshen nan shi ya fi muhimmanci, domin amfanin tsarin ba ya fitowa sosai sai yaran da ka karɓa suna ƙanana sun zama manyan ajin. In jami'in sa ido na hukumar ilimi yana zuwa duba ku, a sanar da shi tun farko, a nuna masa yadda kowane aiki ya dace da wani layi a manhaja.

Abu biyu ka ƙi su da ladabi amma da ƙarfi. Kada a mai da ajin wurin jibge yaran da suka gagari sauran malamai, kada kuma ya zama na 'ya'yan masu hali ko masu ƙoƙari zalla. Kana son gauraye irin na kowane aji. Iyaye su shigo da yardarsu, in masu so sun fi kujeru yawa a yi ƙuri'a a bainar jama'a. Ka nemi ko da malami ɗaya daga abokan aiki ya san yadda ajin ke tafiya, saboda ranar da ciwo ya kwantar da kai.

Su wa za ka haɗa, kuma nawa

Shekara uku ta fi biyu. In ka haɗa aji biyu kawai, ɗakin yakan rabe gida biyu, manya can ƙanana can. Da uku kuwa, kowane yaro yana shekara guda a matsayin ƙane, guda a tsakiya, guda a matsayin yaya. Yaron da kullum shi ne na baya a cikin tsaransa zai wayi gari wata rana yana nuna wa wani yadda ake riƙe fensir, kuma wannan kan sauya yadda yake kallon kansa. Sannan kashi ɗaya cikin uku ne kaɗai ke sabuntawa duk shekara, don haka baƙi suna tarar da al'adar aji a zaune, suna ɗauka daga na gaba ba tare da ka yi ta maimaita magana ba.

Yara ashirin da huɗu zuwa talatin sun yi wa malami ɗaya daidai, wato takwas zuwa goma daga kowace shekara. In sun haura arba'in, ka nemi mataimaki kafin ka fara.

Shekarar farko ita ce mai wuya, tunda babu yayyen da suka san hanya. Mafita mai sauƙi ita ce ka fara da 'yan aji ɗaya da biyu, baɗi su zama biyu da uku, ka ɗauki sababbin 'yan aji ɗaya. Wa da ƙani 'yan gida ɗaya kuwa, ka duba halinsu. In ƙaramin ba ya motsi sai ya kalli fuskar babban, gara a raba su.

Mai da manhaja ta zama tsani

Nan ne aikin yake, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ka ware dogon hutu guda don wannan.

Ɗauko manhajar lissafi da ta karatu na shekaru ukun, ka manta da inda aka rubuta "aji ɗaya" ko "zango na biyu". Ka jera ƙwarewar da ake so ɗaya bayan ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, kowacce ƙarama yadda yaro zai iya gama ta cikin kwana uku zuwa mako guda. A lissafi: ƙirga abubuwa zuwa goma, gane lambobi, haɗa lamba da adadinta, ɗaure goma-goma, tarawa ba tare da ɗauka ba, tarawa da ɗauka, ɗebewa, ɗebewa da aro, har zuwa sau da rabawa. Cibiyar Rishi Valley da ke Andhra Pradesh a Indiya ta yi suna da irin wannan tsani na koyo, kuma daga gare ta shirin Nali Kali na makarantun gwamnatin Karnataka ya ɗauki hannu a 1995. Ana zana tsanin a babban kwali a manna a bango, kowane yaro ya san matakin da yake da wanda ke gabansa.

Kowane mataki yana buƙatar abu huɗu: gabatarwa daga bakin malami, aikin hannu da abin taɓawa, katunan atisaye, da ɗan gwaji a ƙarshe. Ɗauki ɗebewa da aro, inda yara da yawa ke tuntuɓe. Ka kira yara huɗu da suka iso wurin, ko da shekarunsu sun bambanta. Ka ajiye tsinke ɗauri uku na goma-goma da guda biyu a warwatse, ka ce, "Ga talatin da biyu. Ku ba ni bakwai." Za su miƙo biyun nan su tsaya. Kada ka yi magana. Can wani zai kai hannu kan ɗauri ya dube ka, ka gyaɗa masa kai, ya kwance, tsinke goma su zube su haɗu da biyu. Aron ke nan, ya gan shi da idonsa kafin ya ga an soke lamba 3 an rubuta 2 a takarda. Daga nan sai su ɗauki katunan wannan mataki daga kanta, kowane kati da amsarsa a baya, su yi ta yi har hannu ya faɗa. Ranar da yaro ya ji ya iya, shi zai zo ya ce, "Malam, a gwada ni." Tambaya biyar ta isa. In ya ci huɗu ya hau gaba, in bai ci ba ku koma kan tsinke tare.

Amsar da ke bayan kati tana tayar wa malamai hankali, suna cewa yara za su leƙa. Wasu za su leƙa a makon farko. Amma tunda babu maki a atisaye, kuma gwajin ƙarshe a gabanka ake yi, ba a daɗe ba suke gane leƙen ba ya kai su ko'ina. Kuma wannan amsar ce ke 'yanta ka daga layin yara ashirin masu jiran ka sa musu hannu.

Ba kowane fanni ke son tsani ba. Kimiyya da nazarin zamantakewa sun fi daɗi in aji duka ya ɗauki jigo guda, kowa ya nutsa gwargwadon tsawonsa. A ce jigon inuwa ne. A kafa sanda a fili. 'Yan shekara shida su auna inuwarta da tafin ƙafa da safe, da tsakar rana, da kafin tashi. 'Yan bakwai su auna da rula su rubuta santimita. 'Yan takwas su tsara alƙaluman a jadawali na mako guda, su yi ƙoƙarin bayyana abin da ya sa take gajarta da rana tsaka. Da yamma kowa yana da abin faɗa kan sanda ɗaya.

Bayan tsani da jigo, sai kashi na uku, wanda na yaro ne kacokan: abin da shi ya ga yana son sani. Wani tururuwa, wani jirgin sama, wata yadda ake yin takarda. Naka shi ne ka taya shi mai da sha'awar ta zama tambaya, ka nuna masa inda zai nemo amsa, ku sa ranar da zai gabatar wa aji.

Ɗakin

Ka kawar da jerin benci masu fuskantar allo. A haɗa tebura rukuni-rukuni na mutum huɗu, a bar wuri a ƙasa don masu son shimfiɗa aikinsu, da fili inda aji duka zai zauna a da'ira, da lungu guda na mai son kaɗaici. Kantoci su kasance daidai tsawon ƙaramin yaro, lissafi gefe guda, karatu gefe guda, an jera kaya daga hagu zuwa dama bisa lambar tsani. Kowane abu da mazauninsa, da alama a jikin kanta. Yawancin kayan aikin guda ɗai-ɗai ko bibbiyu sun isa, domin jiran wani ya gama shi ma darasi ne. Ba sai ka sayi kaya masu tsada ba: kwali, murafen kwalba, tsakuwa da igiya suna yin aiki, muddin suna da tsabta kuma babu abin da ya ɓace a ciki. Kai kuma ka zaɓi ƙaramin tebur a kusurwar da idonka ke kaiwa ko'ina.

Makonni shida na farko

Kuskuren da na yi a shekarata ta farko shi ne na buɗe kantoci duka ranar farko na ce kowa ya zaɓa. Kafin ƙarfe goma katuna sun cakuɗe, ƙanana biyu suna kuka, manya suna zagaye ɗaki ba su zauna kan komai ba. Yaran ba su yi laifi ba. Sun saba a ce musu buɗe shafi kaza, ni kuma na miƙa musu abin da ban koya musu riƙewa ba. Zaɓi ƙwarewa ce, ana koyonta kamar yadda ake koyon rubutu.

Don haka ka fara da kaɗan. Makon farko, aiki biyu kacal a kan kanta, lokacin zaɓi minti ashirin. Sauran ranar ka tafiyar da ita yadda ka saba, kana cusa ƙananan darussa na zaman aji: yadda ake ɗauko tire da hannu biyu, yadda ake tura kujera ba ƙara, yadda ake wucewa ba a taka aikin wani ba, yadda ake mayar da abu mazauninsa. Ka yi a gabansu a hankali, su kwaikwaya. Ka koya musu muryar aiki, wadda na kusa da kai kaɗai ke ji. Ka koya musu neman taimako: ka sake duba katin, ka tambayi mutum biyu, in abin ya faskara ka ajiye katin sunanka a teburin malam ka ci gaba da wani abu har a zo gare ka. Ka zaɓi alama guda ta tsayawa, ƙaramar ƙararrawa ko ɗaga hannu, ku yi ta gwadawa har ɗakin ya riƙa yin tsit cikin daƙiƙa kaɗan.

Duk mako ka ƙara aiki biyu ko uku, ka ƙara minti goma sha biyar. Ranar da abin ya watse, ka koma baya mataki guda ba tare da faɗa ba. A mako na shida yawancin azuzuwa suna iya riƙe awa ɗaya da rabi. A cikin waɗannan makonni ne kuma za ka zauna da kowane yaro ka gano inda zai fara a tsani. Hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ke bi ta ishe ka: ka ba shi haruffa, sai kalmomi, sai gajeren sakin layi, sai labari, ka ga inda ya tsaya. Haka a lissafi. A inda ya tsaya zai fara, ko shekarunsa nawa.

Yadda yini ke tafiya

Da safe a zauna a da'ira minti goma zuwa sha biyar: gaisuwa, wanda ke da labari ya bayar, kowa ya faɗi aikin da zai fara da shi. Sai dogon lokacin aiki. Makarantun Montessori suna ba shi awa uku ba yankewa. A cikin firamare ta yau da kullum, in ka samu biyu zuwa biyu da rabi ka gode. Bayan hutu a karanta musu littafi da babbar murya, a yi aikin jigo, waƙa, zane ko motsa jiki tare. Kafin tashi a koma da'ira, mutum biyu ko uku su nuna abin da suka gama.

A cikin dogon lokacin nan kai ba zaune kake ba. Kana kiran rukuni na mutum uku zuwa shida kana ba su darasin minti goma, ka sallame su, ka zagaya, ka kira wasu. Darasi biyar ko shida a safiya ɗaya abu ne mai yiwuwa. Ka tsara tun daren jiya su wa za ka kira.

Akwai wani abu da Montessori ta lura da shi wanda zai cece ka daga yanke hukunci da gaggawa. Bayan kamar awa ɗaya da fara aiki, ɗakin yakan rikice: surutu ya ƙaru, yara su yi ta kai da kawo kamar sun gaji. Malami sabon shiga yakan tsayar da komai a nan. In ka daure minti goma, ka taɓa kafaɗar mutum ɗaya ko biyu kawai, sau da yawa za ka ga sun koma sun ɗauko aikin da ya fi na farko nauyi, kuma natsuwar da ta fi kowacce zurfi a ranar tana zuwa ne bayan wannan guguwar.

Karatu kuwa ba na barin sa ga zaɓi. Duk yaron da bai iya karatu ba tukuna yana da zama da ni kullum, minti goma sha biyar, muna bin sautin baƙaƙe da wasula, muna haɗa gaɓa, muna karanta gajerun jimloli. Yaro yana koyon magana da kansa in yana cikin masu magana, amma rubutu ƙirƙirar mutane ce, sai an nuna masa mabuɗinta. Masu binciken yadda ƙwaƙwalwa ke koyo, irin su Kirschner da Sweller da Clark a maƙalarsu ta 2006, sun ja kunne cewa sabon shiga a kowane fanni yana buƙatar jagora bayyananne, kuma a nan ina tare da su. Yaron da bai iya karanta katin aiki ba, zaɓinsa ragagge ne.

Takardar aikin mako

Wannan ita ce igiyar da ke riƙe 'yanci kada ya zama yawo. Helen Parkhurst ta gina tsarinta na Dalton a Amurka wajen 1920 a kan irin wannan alkawari tsakanin ɗalibi da malami, Célestin Freinet ma a Faransa yana ba ɗalibansa takardar shirin aiki. Ranar farko ta mako kowane yaro yana karɓar takarda mai gida biyu: "dole" da "zaɓina". A gidan dole kai ka rubuta, misali katin lissafi huɗu, karatu kullum, rubutu biyu. A ɗaya gidan shi zai rubuta. Jerin da zai bi da lokacin da zai yi, nasa ne. 'Yan shekara shida a yi musu ta yini ɗaya da hotuna, mako ya yi musu nisa.

Ranar ƙarshe ta mako ka zauna da kowanne minti uku zuwa biyar. Me ka gama? Me ya ba ka wuya? Me za ka ɗauka mako mai zuwa? A nan za ka kama mai gudun lissafi. Kada ka yi masa wa'azi, ka bincika. Yawanci an ɗora shi a matakin da ya fi ƙarfinsa ne, sai ka sauko da shi biyu. In kuwa kasala ce, ka rage masa zaɓi na ɗan lokaci: lissafi da farko, sauran safiyar tasa ce. Wanda ya riƙe amanar lokacinsa a sakar masa, wanda bai kai ba a matso kusa da shi.

Yaya ba ƙaramin malami ba ne

A farkon ƙarni na 19 Joseph Lancaster ya yaɗa wani tsari a Ingila inda malami ɗaya ke koyar da manyan ɗalibai, su kuma su juye wa ɗaruruwan ƙanana hadda. Ya yi arha, amma ba shi muke nufi ba. In ka mai da 'yan aji uku ma'aikatanka, iyayensu za su yi ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Babba yana da nasa tsanin da zai hau, da darussan da suka dace da shi, kuma sabon abu daga bakinka ƙarami zai fara jin sa. Taimakon yaya na atisaye ne, da son ransa, ba ya wuce minti goma sha biyar zuwa ashirin a yini.

Taimakon ma sai an koya. Ƙa'ida uku nake ba su: kada ka karɓi fensirinsa, kada ka faɗi amsa, ka tambaye shi ya nuna maka inda ya tsaya. Na taɓa tsayawa bayan wata yarinya 'yar shekara takwas da wani ɗan shida ya kawo wa kalmar da ta gagare shi. Ya ce, "Yaya, mene ne wannan?" Na ga bakinta ya buɗe za ta faɗa, sai ta tuna. Ta sa yatsa ta rufe rabin kalmar, ta bar gaɓar farko. Ya karanta. Ta janye yatsa kaɗan, ya karanta ta biyu, ya haɗa, ya ɗago kai yana murmushi. Ita wannan yarinyar shekara biyu baya da haka ita ce ke ɓuya in an ce a yi karatu. Mai koyarwa yana sake gina abin a kansa, shi ya sa babban ma yake ƙaruwa.

Ka sa ido kan wa ake yawan zuwa wurinsa. Sau da yawa nauyin yakan taru kan 'yan mata biyu ko uku masu haƙuri, aikinsu ya tsaya. Ka ba kowa damar ajiye alamar "ina aiki" a teburinsa, wadda ke nufin kada a taɓa shi yanzu.

Sau ɗaya a mako a yi majalisar aji, minti talatin, yaro na shugabanta, wani na rubutawa. Rigimar layin kanta, wanda ke ɓata katuna, shawarar sabon jigo, duk a nan ake kawo su. Abin da ya shafi lafiya da mutuncin yaro kuwa ba a jefa masa ƙuri'a, hukuncinka ne.

Rubuta abin da ka gani

Tunda ba kowa ke shafi ɗaya ba, ƙwaƙwalwarka ba za ta riƙe ba. Ka yi babban jadawali, sunaye a gefe, matakan tsani a sama, da alama uku: an gabatar, yana atisaye, ya iya, kowacce da kwanan wata. Duk ƙarshen mako ka bi shi da yatsa. Wanda ya yi mako uku bai motsa ba, shi ne farkon wanda za ka kira. Sannan kullum ka ɗauki minti goma ka zauna shiru da littafi, ka kalli yara biyar da ka zaɓa: me ya ɗauka, minti nawa ya yi a kai, da wa ya zauna. Yaro mai shiru da ba ya damun kowa shi ya fi saurin ɓacewa a irin wannan aji, kuma wannan kallon ne ke tono shi.

Ƙarshen kowane zango ka maimaita gwajin da ka yi da farko, ka kuma bar yaranka su zauna jarrabawar da tsaransu na sauran azuzuwa ke yi. In sun faɗi ƙasa a wani fanni, ka karɓa, ka gyara tsanin.

Iyaye, da ranar fita

Tambayar da za ka fi ji ita ce, "Malam, wai wasa kawai suke yi?" Gani ya kori ji. Bayan mako na takwas ka gayyace su ɗaya-ɗaya, uba ko uwa ya zauna a kujerar gefe rabin awa ba magana, sannan ku tattauna. Ka nuna masa tsanin, da inda ɗansa yake a watan farko da inda yake yau. Wanda ya saba tambayar na nawa ɗansa ya zo, ka ba shi amsar da ta fi wannan amfani: ga abin da ya iya, ga abin da ke gabansa, ga abin da za a taya shi da shi a gida. In ana son hujja daga waje, akwai binciken Angeline Lillard da Nicole Else-Quest da mujallar Science ta buga a 2006 kan wata makarantar Montessori a Milwaukee da ake shiga ta ƙuri'a: 'yan shekara biyar na can sun fi waɗanda ƙuri'a ba ta faɗa kansu ba a gwajin share fagen karatu da lissafi. Makaranta ɗaya ce, ka faɗa musu hakan, jadawalin ajinka shi ne hujjarka ta gaske.

In makarantarku ba ta da ajin haɗaka na huɗu zuwa shida, yaranka za su koma aji na yau da kullum, kuma haƙƙinsu ne ka shirya su. A zangon ƙarshe na shekara ta uku ka riƙa ba su darasin allo na minti talatin sau biyu a mako, su saba da kwafar rubutu cikin ƙayyadadden lokaci da amsa tambayoyin jarrabawa su kaɗai ba kati a hannu. Ka kai su su wuni a aji huɗu sau ɗaya ko biyu. Sannan ka zauna da malamin da zai karɓe su, ka miƙa masa jadawalin kowane yaro da 'yan layuka kan halinsa: wanda ya riga ya wuce manhajar aji uku a lissafi, wadda ke buƙatar a zaunar da ita gaba, da wanda ba ya tambaya sai an matso kusa da shi an yi ƙasa da murya.